Uban da ke gadin gurbi: yadda kamun kifin bas yake a tafkunan arewacin Amurka

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanyar arewa daga Detroit, mu uku a mota ɗaya. Tafiyar awa uku ce da 'yan kai zuwa yankin Houghton Lake, tafki mafi girma a cikin tafkunan da ke cikin jihar Michigan, amma mu ba can muka nufa ba. Wani ƙaramin tafki ne a gefe, inda wani dattijo abokin aikin ɗayanmu yake da ɗan gidan katako da jirgin ruwa madaidaici. Tsakiyar watan Mayu ne, itatuwa sun fara toho, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare.

Da gari ya waye ranar Asabar, abin da dattijon ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai duba ƙugiya ba, bai duba sandar fatsa ba. Ma'aunin zafi ya ɗaura wa zare ya zura cikin ruwa, ya jira, ya ɗago ya karanta: digiri 13 a ma'aunin Salshiyas. Ya ce mana da wannan adadin ya san inda kifin yake, ya san abin da yake yi, ya kuma san irin saurin da za mu riƙa jan zare. A lokacin na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffin masunta. Kafin Lahadi da yamma na gane cewa duk abin da ya faru a kwana biyun nan, daga wannan adadin ya taso.

A wannan yanki tafki daskarewa yake yi da hunturu, har mutane su taka samansa. Ruwa yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da yawancin abubuwa: ya fi nauyi a digiri 4, ba a lokacin da ya zama ƙanƙara ba. Shi ya sa ƙanƙara take zama a sama, ruwa mai digiri 4 kuma ya kwanta a ƙasa, kifaye su yi hunturunsu a can. Idan ƙanƙara ta narke, galibi cikin watan Afrilu, ruwan sama yakan ɗumama har nauyinsa ya zo daidai da na ƙasa, sai iska ta gauraya tafkin gaba ɗaya. Daga nan ruwan sama ya ci gaba da ɗumi yana shawagi a kan mai sanyi. To amma ba ko'ina ne yake ɗumi tare ba. Lungu mara zurfi mai baƙin taɓo a ƙasa yana shan rana fiye da tsakiyar tafki, kuma lungun da ke gefen arewa ya fi kowanne, domin a wannan sashe na duniya rana ta kudu take ratsawa, haskenta ya faɗa kan gaɓar arewa kai tsaye, tudu da itatuwa kuma su tare mata iskar sanyi. Bambancin digiri 2 ko 3 tsakanin wannan lungu da wancan ya isa ya tara kifin tafki a wuri ɗaya ya bar sauran wuraren wayam.

Kifin da muka je nema shi ne wanda Amurkawa ke kira bas mai babban baki. Launinsa kore-kore ne da ratsin duhu daga kai zuwa jela. Ana bambanta shi da ɗan'uwansa mai ƙaramin baki ta muƙamuƙi: idan ya rufe baki, ƙarshen muƙamuƙinsa na sama yakan wuce bayan idonsa. Mafarauci ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a cikin ciyawar ruwa ko gindin kututture, abin da ya gifta kuwa, ƙaramin kifi ne ko kwaɗo ko dangin ƙaguwa, ba cizonsa yake yi ba. Baki yake wangalewa farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki da abin da ke cikinsa. Wanda ya san giwan ruwa zai ga kama a siffa da salon farauta, sai dai ba dangi ɗaya ba ne, kuma a girma ko kusa.

Jikin kifi ba shi da zafin kansa, zafin ruwa yake ɗauka. A ruwan sanyi komai nasa a hankali yake tafiya, narkar da abinci, motsi, har sha'awar bin abin farauta. Da ruwa ya haura digiri 10 sai ya fara barin zurfi yana matsowa gaɓa, yana ci sosai, musamman mata da cikinsu ya cika da ƙwai. Wannan ɗan tsakanin, kafin a fara zuba ƙwai, shi ne lokacin da mace ta fi nauyi a duk shekara, kuma shi ne dalilin da ya sa mutane suke ɗaukar hutu su tuƙa mota awanni su zauna cikin sanyin safiya.

Ba da tana mai rai ake kamun ba, da abin yaudara ake yi. Ranar Asabar ɗin nan ɗan kifin roba muka yi amfani da shi, irin wanda aka auna nauyinsa yadda ba ya nutsewa ba ya kuma tasowa, sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Ka jefa, ka fizga sau biyu, ka tsaya. Tsayawar nan ita ce aikin. Dattijon ya sa ni ƙirga har goma a zuciyata kafin in sake fizga, ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake yi. A ruwa mai digiri 13 kifi ba zai ɓata ƙarfinsa wajen bin abin da ke gudu ba, amma ɗan kifin da ya yi kamar ya jikkata ya tsaya a gaban hancinsa, wannan araha ce. Dabarar ta daɗe. Wani masunci ɗan Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifinsa na farko a 1936 bayan ya lura cewa manyan kifaye mai rauni suke zaɓa a cikin garke, kuma har yau ana sayar da kayan da sunansa. Tanar roba mai laushi kuwa Nick Creme ne ya fara yin ta a Ohio a 1949. Yanzu akwai wadda ake soka wa ƙugiya a tsakiya, a sake ta ta nutse da kanta, kai da jela suna karkarwa. Sau da yawa ba za ka ji an ja ba. Zare kawai za ka ga ya ɗan motsa gefe, ko ya tsaya alhali bai kai ƙasa ba.

Na farko da na kama inci 16 ne. Ana riƙe shi ne ta leɓen ƙasa, babban yatsa a cikin baki, don haƙoransa ƙanana ne, kamar ka shafa takardar gugar katako. Zuwa yamma fatar yatsan takan yi kaushi, kuma masu wannan sana'a da shi suke nuna wa juna cewa ranar ta yi kyau. Wanda ba a saka wa yatsa shi ne fayik, dogon kifi mai haƙora irin na tsage, wanda ya yanke wa abokina zare har sau biyu ya tafi da abin yaudarar.

Na ɗaga kifin ina tunanin miya, sai dattijon ya ce in mayar da shi. Ga Bahaushe wannan magana tana da nauyi. Ka sha sanyi, Allah ya ba ka rabo, sannan ka sake shi da hannunka? Amsa ta farko doka ce. A Michigan, daga 2015, an yarda a kama bas a kowane lokaci na shekara muddin za a sake shi nan take. Tafiya da shi gida kuwa sai daga Asabar ɗin da ke gaban ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, wato Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, kuma a tafkin St. Clair da kogunan St. Clair da Detroit sai Asabar ta uku a watan Yuni. Ko an buɗe ma, wanda bai kai inci 14 ba ba a ɗauka, kuma guda 5 ne iyaka a rana. Mu mun zo saura mako guda. Hana kamun kifi na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko a Argungu ana kulle Matan Fada har sai ranar biki. Abin da ya bambanta shi ne a nan an bar ka ka kama, an hana ka ci.

Amsa ta biyu al'ada ce, kuma ba tsohuwa ba. Har zuwa shekarun 1960 Ba'amurke idan ya kama bas soya shi yake yi. Ray Scott ne ya shirya gasarsa ta farko a Beaver Lake da ke Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, sannan a 1972 ya fara kamfen ɗin a daina kashe abin da aka kama a gasa. Jiragen gasa suka koma ɗauke da akwatin ruwa da ke riƙe kifi da rai har a auna shi. Daga gasa abin ya bazu zuwa ga kowa, har ya zama yau akwai masu kallon wanda ya yanka babban bas kamar ya yi abin kunya, ko da doka ta ba shi dama.

A arewa wannan al'ada tana da hujja mai ƙarfi, saboda kifin nan a hankali yake girma. Watannin ɗumi kaɗan ne, sauran shekara yana zaune cikin sanyi ba ya ƙaruwa. Kafin ya kai inci 14 yakan ɗauki kamar shekara 4 ko 5, wanda ya haura kilo 2 kuwa zai iya yin shekara goma a duniya. Dubi tazarar: mafi girma da aka taɓa rubutawa a Michigan bai kai kilo 5 da rabi ba, alhali wanda George Perry ya kama a tafkin Montgomery da ke Jojiya a 1932 ya ɗan haura kilo 10, haka ma wanda Manabu Kurita ya kama a tafkin Biwa na Japan a 2009. Idan aka cire babbar mace ɗaya daga ƙaramin tafkin arewa, maye gurbinta aikin shekaru ne.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce an gama: a kama, a saki, kowa ya huta. Ranar Lahadi ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa.

Rana ta buɗe sosai tun yammacin Asabar, iska ta kwanta. Da hantsi muka shiga wani lungu a gefen arewa, ma'auni ya nuna digiri 16. Dattijon ya miƙo mini tabarau irin mai kashe ƙyallin saman ruwa, ina sakawa sai ƙasan tafki ya bayyana. A zurfin da bai wuce ƙugu ba na ga wasu da'irori masu haske a kan duhun ƙasa, kowace kamar faɗin faifai babba, an share taɓo an bar yashi da tsakuwa. A kan ɗaya daga ciki ga kifi a tsaye, yana ɗan kaɗa fikafikansa. Muka matso, ya ja baya kaɗan, ya zagayo ya dawo daidai inda yake. A ka'ida kifi na ganinka mai jar koma, da inuwar jirgi ta faɗo masa ya ɓace. Wannan ya gan mu sarai, ya ƙi tafiya.

Namiji ne, kuma gurbinsa ne. Da ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, namijin bas yakan zaɓi wuri kusa da kututture ko ciyawa, ya share shi da jela. Mace ta zo ta zuba dubban ƙwai, ya barbare su, ta kama gabanta. Daga nan komai a wuyansa yake. Shi ke yi wa ƙwan fifita don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su kada taɓo ya rufe su. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, ya ci gaba da tsaron 'ya'yan har su tashi su zama wani baƙin gungu mai yawo tare, abin da kan ɗauki makonni. Duk tsawon wannan lokaci da ƙyar yake cin wani abu. Kewaye da shi kuwa ga bulugil, wasu ƙananan kifaye masu faɗin jiki kamar 'ya'yan karfasa, sun yi zobe suna jiran ya kau da kai.

Wannan uba shi ne kifin da ya fi sauƙin kamu a duk tafkin. Ba yunwa ke sa shi ɗaukar tanar roba ba. Abu ne ya faɗo cikin gurbinsa, shi kuma aikinsa ya fitar da shi. Ka jefa ya ƙi, ka sake jefawa, tunda ba zai bar wurin ba, ƙarshenta zai ɗauka. Da zarar an ɗaga shi, gurbin ya zama babu mai gadi. A Manyan Tafkuna, wato tafkuna biyar ɗin nan da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, abin ya fi muni tun da wani ƙaramin kifi mai suna gobi ya shigo daga yankin Bahar Aswad cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗebowa. An fara ganinsa a kogin St. Clair a 1990, kuma gwani ne wajen wawushe ƙwai. Ko an mayar da uban, yakan dawo a gajiye, idan kuma ya tarar an cinye yawancin ƙwan, sau da yawa sai ya watsar da sauran. Wanda aka saka a akwatin jirgi aka kai wurin awo awanni bayan haka, nasa gurbin ya riga ya tafi. Wani masanin kifi mai suna David Philipp da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna ninƙaya a kan irin waɗannan gurabe a tafkin Opinicon da ke Ontario ta Kanada suna rubuta abin da ke faruwa, kuma a sassa da dama na kudancin Ontario ba a buɗe kamun bas sai cikin watan Yuni.

Akwai wani binciken nasu da ya fi tsaya mini a rai. A Ridge Lake da ke jihar Illinois, daga shekarun 1970, duk kifin da aka kama sai a yi masa alama a sake shi. Daga baya aka janye ruwan tafkin, aka ware waɗanda suka sha kamuwa da waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, aka bar kowane rukuni ya hayayyafa shi kaɗai har zuriya uku. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa saurin kamuwa gado ne. Binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa mazan da ke cikin zuriyar masu saurin kamuwa su ne suka fi zafin tsaron gurbi, suka fi fitar da 'ya'ya. Wato halin da ya sa kifi ya zama uba nagari, shi ne dai yake kai shi bakin ƙugiya.

Adalci ne a faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, domin ba maganar banza ba ce. Asarar gurbi ɗaya daban, raguwar kifin tafki daban. Gurbi guda yana fitar da 'ya'ya dubbai, mafi yawansu mutuwa za su yi ko an taɓa ubansu ko ba a taɓa ba, kuma gurabe kaɗan da suka tsira suna iya cika tafki. Sanyin da ya dawo kwatsam a ƙarshen Mayu ya sauke zafin ruwa, ko iska mai ƙarfi da ta turo igiyar ruwa kan gaɓa, suna iya lalata gurabe fiye da duk masu fatsar da ke wurin. A jihohin kudu kamar Florida da Texas ana kamun bas a kan gurbi shekara da shekaru, kifin bai ƙare ba. Irin wannan lissafi ne ya sa jihohin arewa suka yi ta sassauta dokokinsu. Akwai kuma kuɗi a ciki: lasisin da kowane mai shekara 17 zuwa sama yake saya a Michigan, da harajin kayan kamun kifi da wata dokar tarayya ta 1950 ta ware wa jihohi, da su ake kula da tafkunan, don haka hukuma tana son mutane su fito.

Ni dai ban gamsu a ɗauki darasin kudu a shimfiɗa shi a arewa yadda yake ba. A Florida ana shafe watanni ana zuba ƙwai, wanda ya rasa gurbi yau yana da damar sake wani. A arewacin Michigan 'yan makonni ne, kuma ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe a makare ba zai tara girman da zai fitar da shi hunturun farko ba. Ruwan tafkunan arewa da yawa garau yake, wasu ma sun ƙara haske tun da wata 'yar ƙaramar dodon koɗi mai ratsi, wadda aka fara gani a tafkin St. Clair a 1988, ta bazu tana tace ruwa. A ƙaramin tafki irin wanda muka je, jirage biyu ko uku masu tabarau suna iya bin kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya a Asabar guda, gobe wasu su zo su maimaita.

Abokina bai tsaya jin duk wannan ba, ya riga ya jefa. A jefa ta huɗu kifin ya ɗauka. Bai yi wani dogon kokawa ba, aka ɗago shi, jelarsa ta ƙasa ta yi ja ta goge saboda sharar gurbi. Abokina na neman wayarsa a aljihu, dattijon ya taɓa kafaɗata ya nuna mini ƙasa. Bulugil sun fi goma a cikin da'irar, kawunansu a ƙasa jelarsu a sama, suna tsattsaga kamar kaji a kan tsaba. Na ce, "Malam, bar hoton nan, sake shi." Ya kalli inda nake nunawa, ya zare ƙugiyar, ya sa kifin a ruwa da hannu biyu.

Bai koma nan take ba. Ya nutse ya tsaya a gindin wani kututture kamar taku biyar daga wurin, murfin kumatunsa yana buɗewa yana rufewa. Muka ja jirgin baya da sanda, ba wanda ya yi magana. Na duba agogo, minti huɗu suka wuce kafin ya motso. Ya shigo da gudu, bulugil suka watse, ya zagaya da'irar sau biyu ya tsaya a tsakiya ya ci gaba da fifita abin da ya rage.

Daga nan muka bar lungun muka koma bakin zurfi, inda ƙasa ke gangarawa daga mita 2 zuwa 4, wurin da waɗanda ba su hau gurbi ba tukuna suke jira. Kamu ya ragu, uku muka samu har la'asar. Da muka fitar da jirgin, dattijon ya cire toshiyar ƙasa ruwan ciki ya tsiyaye, ya durƙusa yana tsince ciyawar da ta maƙale a ƙarfen tirela, kamar yadda dokar jihar ta 2019 ta wajabta don kada a kwashi baƙin tsiro ko dodon koɗi daga wannan tafki zuwa wancan. Kafin mu shiga mota ya sake zura ma'auninsa a bakin gaɓa. Digiri 17. Ya ce idan ranar nan ta riƙe, zuwa Asabar mai zuwa, ranar da za a buɗe, duk gefen arewa zai cika da gurabe.